Zabuwa da Sabulun Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku. Kai Ɗanjuma, zauna da kyau!

Ta taho mu ji ta, Iya.

An yi wata Zabuwa mai kwanci a kan ƙwanta cikin ciyawa. Zanen jikinta ya saje da ciyawar, Shaho ya yi ta shawagi bai taɓa ganinta ba.

Ran nan ta leƙa kasuwa, ta tarar Kurege ya baje kolin wasu curi farare, wai sabulu ne, yana kaɗa gwangwani yana waƙa: "Fari tas, fari tas! A wanke zane, a zama mutum!"

Da ya hango ta, sai ya dafe ƙirji. "Wayyo Yaya Zabuwa! Tun yaushe wannan abu ya fito miki?"

Ta ce, "Wane abu?"

"Ɗigo-ɗigon nan mana. Ashe ba wanda ya gaya miki? Mutane ba su da kirki. Sai dai su yi ta dariya idan kin ba da baya."

Ita da aka haife ta da zanenta, ran nan ta fara jin kunyarsa.

Sai ga Balbela, fara sol. Ashe tun da safe Kurege ya ba ta soyayyiyar fara ta ci, don ta yi masa shaida. Ta ce, "'Yar'uwa, ni da na fi ki muni. Wanka ɗaya na yi. Dube ni!"

Ƙannen Kurege kuma suka yi ta turereniya kamar masu saye: "Ba ni! Ni na riga zuwa!"

Kurege ya raɗa mata, "Saura ɗaya. Na ɓoye miki don mutunci. Kawo ƙwai kawai, ba na son wahalar da ke."

Alhali buhu guda yake zaune a kai, kuma ba komai ba ne sai farar ƙasa.

Zabuwa ta ruga, ta kwaso ƙwanta, ta bar ƙwaya ɗaya tak a sheƙa. Ta karɓi curin, ta shafe jikinta, ta yi fari tas, ta koma ta kwanta cikin ciyawa tana ƙyalli kamar ƙwaryar nono.

Shaho ya duba ƙasa ya ce, "Yau wa ya ajiye mini tuwo a fili?"

Ya kawo sura, ya cafki kanta. Ta fizge da ƙyar, amma Shaho ya tafi da gashin kan.

Ta iso kasuwa tana haki. "Macuci! Saura kaɗan Shaho ya cinye ni!"

Kurege ya ce, "Allahu akbar! Tun daga sama ya hango ki? Kai, kaya sun yi kyau! Jama'a, ku zo ku ji shaida!" Ya dubi kanta, ya girgiza kai. "Amma Yaya, mace da sanƙo? Ina da wani man gashi, na manyan mata ne. Ban cika nuna wa kowa ba."

Zabuwa ta shafa kanta. Can ta ce, "Yana aiki kuwa?"

Ta je ta ɗauko ƙwan da ya rage. Shekarar nan ba ta ga ɗan tsako ba, gashi kuma har yau bai fito ba.

To, ku da kuke buɗe baki in ana talla a rediyo, ku ji da kyau. Duk wanda ya gano muku ciwon da ba ku taɓa ji ba, kuma ga magani a hannunsa, ku kama hanyar gida.

Ƙurunƙus, ta ƙare. Kowa ya tashi ya wanke ƙafa!