Ragunan Mma Karimatu da Hasken da Ya Ƙi Zama Kore

Akwai wani mutum a Yendi mai suna Mutawakil, shi ne babba a ofishin wani kamfanin motoci da ke ɗaukar dabbobi daga Bawku zuwa Salaga. Ilimi kam Allah ya ba shi. Sai dai ba ya son a gyara masa magana.

Kamfanin yana aiki da wata manhaja mai duba ko an cika ƙa'ida: lafiyar dabbobi, inshora, lasin direba. Sai an gama lodi, an rufe ƙofar lori da hatimi, sannan direba ya tura hoto. In haske ya zama kore a wayarsa, ya kama hanya. In bai zama ba, ba ya motsawa, kuma ba ya karya hatimi sai da izinin Mutawakil. Wanda ya saɓa, a bakin aikinsa.

Ana gab da Babbar Sallah, Firdaus, abokiyar aikinsa mai kula da kwamfutoci, ta same shi.

"Masta, masu manhajar nan sun ce tana da rauni. In wani mugu ya yi ta jefo mata buƙatun banza ba ƙaƙƙautawa, sai ta shaƙe, ta daina amsa wa kowa. Sun aiko da gyara, amma sai mun kashe ta na ɗan lokaci."

Ya yi dariya. "A kashe ta a tsakiyar kasuwar Sallah? Wa ya san da mu a Yendi da zai ɓata lokacinsa a kanmu? Bari sai bayan Sallah."

"To ko ka ba direbobi dama, in ta tsaya su..."

"Firdaus, ni ne babba a nan ko ke?"

Ta koma kan aikinta.

A Bawku kuwa akwai Mma Karimatu, dattijuwa da mijinta ya rasu. Tun bara take kiwon raguna a bayan ɗakinta, da dusa da harawa da ɓawon rogo. Su ne abincin gidanta na shekara. Ta yanke shawarar kai su Salaga, inda ƙanenta zai sayar mata.

Mutanen Bawku da asuba suke lodi, don dabba ta yi tafiya da sanyin safiya. Haka aka yi, aka loda ragunanta tare da na wasu mutane a lorin kamfanin. Direba Jibirilu ya rufe ƙofa, ya sa hatimi, ya tura hoto.

Haske bai zama kore ba.

Abin da Firdaus ta ji tsoro ne ya faru. Wasu da ba a san ko su wane ne ba sun cika manhajar da buƙatu har ta kasa numfashi. Maimakon Mutawakil ya amsa cewa ta tsaya, sai ya aika wa direbobi duka: "Ku yi ta turawa har ta karɓa." Kowa ya duƙufa yana danna waya. Ashe ƙara shaƙe ta suke yi.

Hantsi ya ɗaga. Ƙarfen lori ya fara zafi. Raguna a cunkushe, ba iska, ba ruwa.

Jibirilu ya kira. "Masta, dabbobi na haki. In buɗe?"

"Ka taɓa hatimin nan, ka ajiye mini makulli."

Mma Karimatu da ke tsaye a wurin ta karɓi wayar. "Ɗana, ni ban san kwamfuta ba. Amma na san kukan rago mai ƙishirwa. Don Allah ka ce a buɗe."

"Mma, ki yi haƙuri, yanzu za ta dawo."

Ya san in ya ba da izini da baki, shugabanninsa za su tambaye shi dalili, maganar gyaran da ya ƙi ta fito. Don haka ya yi ta jira.

Bayan azahar kukan ragunan ya ragu. Jibirilu ya ce, "In aikin ne, ya tafi," ya ɗauki ƙarfe ya fasa hatimin. Waɗanda ke da sauran rai aka yi maza aka yanka. Na Mma Karimatu su ne a can ƙurya, don su aka fara lodawa. Duk sun yi mushe.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta kwance igiyoyin wuyansu ta tafi gida.

Kamfani ya bincika, aka sallami Mutawakil. Bayan Sallah ya tafi Bawku neman gafara. Ya tarar da ita zaune kusa da turakun da babu komai. Ta amsa gaisuwarsa, ta shiga ɗaki ta ɗebo ruwan randa a kwanon da take shayar da ragunan, ta miƙa masa.

"Sha, ɗana. Ka sha hanya cikin rana. Su ba su samu ba."

Ya riƙe kwanon, ya kasa kaiwa baki.

Darasi: In aka nuna maka ɓaraka a aikin da aka ba ka amana, ka gyara tun kafin ta cinye wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma in na'ura ta tsaya, kada tausayinka ya tsaya tare da ita, domin Allah kai zai tambaya. Ku tura wa duk wanda kuka san an damƙa masa amanar mutane.