Akuyar Waziri a Lambun Yasmin

An yi wani sarki a Birnin Gawo, sunansa Barau, mutum ne mai adalci in yana cikin hayyacinsa, mai saurin rantsuwa in zuciya ta ɗebe shi. Yana da lambu a bayan fada, wanda mahaifiyarsa ta dasa da hannunta, cike da itatuwan yasmin, gajeru masu farin fure, waɗanda ƙamshinsu kan tsallake katanga ya tare masu wucewa. Ran da Allah ya karɓi ranta, Sarki ya rantse wuƙa ba za ta taɓa reshe ko ɗaya ba, ganyen da ya faɗo ma a tattara shi a jibge a gindi, kuma a riƙa kwara musu ruwa tun daga kai, safe da yamma, kamar ana yi wa jariri wanka.

Mai kula da lambun wani tsoho ne, Cindo, wanda duk iliminsa bai wuce "to, ranka ya daɗe" ba. Ya bi umarni sau da ƙafa. Rassa suka cunkushe har iska ta rasa ta inda za ta ratsa, kuma da damina ta kankama sai baƙaƙen ɗigo suka feso a ganye, kowane da rawayan zobe, ganye ya dinga zuba.

Sarki ya tara fadawa, ya ce, "Wannan aikin hannu ne, wani ya zuba musu abu. Waziri, nemo mini mai shi. In ka rasa, ai ba a rasa mai mabuɗin lambu ba: Cindo zai bar mini gari."

Waziri Haladu, masani ne mai taushin harshe, ya shiga lambun, ya juya bayan ganye, ya ga fumfuna irin wadda ke kama tabarmar da aka naɗe da danshi. Ya tona tarin da ke gindi, warin ruɓa ya buge shi. Nan take ya gane mai laifin, ya kuma gane cewa mai laifin yana zaune kan karaga.

Cindo ya riƙe masa gefen riga. "Waziri, kai ne gatana. Faɗa masa ban zuba komai ba sai ruwan da ya ce."

"Kwantar da hankalinka, Baba Cindo. Maganar sarakuna sai an dafa, ba a miƙa musu ita ɗanya."

To, Waziri ya koma gida dafa magana. Ya dafa, ya sauke, ya ɗanɗana, ya mayar kan wuta. Ku da kuke karatu, ku gaya mini: da wane baki za ka ce wa mutum ƙaunar uwarsa ce ke ruɓar da abin da ta bari? Kullum Sarki ya tambaya sai ya ce bincike na tafiya, har dai ya ji kunyar maimaitawa, ya aika fada cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, alhali lafiyarsa ƙalau, tuwo ma har ƙari yake yi.

Yana cikin wannan zazzaɓin ne ya bi sawun akuyarsa, wata ɓarauniya da ba ta kwana da yunwa, ya tarar ta samu kafa a katangar lambun Sarki, ta daɗe tana kiwo a wani yasmin na can ƙurya, inda tsoho ba ya iya kai tulu. Waziri ya dubi itacen, ya yi dariya shi kaɗai. Da safe ya ɗaura mata igiya, ya ja ta har gaban Sarki, fadawa na ƙunshe dariya.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga wadda ta keta rantsuwarka. Ina roƙo ka taka ka ga ɓarnarta kafin ka yanke hukunci."

Suka ɗunguma. Suka ratsa itatuwan da aka yi wa biyayya, duk sun zama tsirara, suka isa ƙurya. Ga yasmin a tsaye, an gwaguye shi ta ko'ina, gindinsa fes, sabon ganye kore shar ba ɗigo ko ɗaya.

Waziri ya ce, "Zaki, wannan itacen haƙorin akuya ya rage masa rassa, iska ta shige shi, rana ta busar da shi. Waɗancan kuwa an hana su wuƙa, an hana su bushewa, an tara musu cutarsu a gindi, ruwa na fantsama ta sama. Wa zan kama maka?"

Sarki ya dubi wannan itacen, ya waiwaya ya dubi waɗancan. Can ya ce, "Ashe ni ne."

"Sai a sare su a ƙone, ranka ya daɗe, a yi dashe daga wannan. Kuma a kira Cindo ya ji da kunnensa."

Sarki ya sunkuyar da kai. "Waziri, da ka kwanta na ɗauka ka rasa mai laifi. Tun shekaranjiya dogarai suka fitar da shi ƙofar gari."

Aka tura mahaya kowace hanya. Wasu suka ce ya bi fatake, wasu suka ce an gan shi a mashigi yana jiran kwalekwale, amma babu wanda ya dawo da shi.

Sarki ya sa aka yafa wa Waziri alkyabba, ya ce hikimarsa ta ceci abin da ya rage na mahaifiyarsa. Waziri ya karɓa, don ba a mayar da kyautar sarki, amma bai taɓa sa ta ba. Duk wanda ya yabe shi kan dabarar akuya sai ya girgiza kai ya ce, "Tun ran farko na san amsar. Gaskiyar da ta tsaya yin ado, kafin ta iso fada an riga an zalunci mai jiran ta."