Ƙofar Ɗalha Kafinta

Akwai wani kafinta ɗan Maraɗi mai suna Ɗalha, yana cikin mutanenmu na farko da suka sauka a unguwar Harlem wajen 1989. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye yake sha. Teburan 'yan tireda na layi na 116 rabinsu aikinsa ne, kuma shi ya yi ta zarya har jama'a suka samu ɗakin taro a ƙarƙashin wani bene.

Aibinsa ɗaya: ba a gyara masa aiki.

Wata uku ya yi yana sassaƙa wa ɗakin ƙofa, da zane irin na gida. A watan Janairu ya zo kafa ta, dusar ƙanƙara na zuba. Yaw, dattijo ɗan Kumasi mai kula da benen, ya tsaya yana kallo.

"Masta, ka rage gefen kaɗan. In zafi ya zo, katakon zai kumbura."

Ɗalha ya yi dariya. "Mi za ka koya min? Icce da damina yake kumbura. Dubi waje, ga daminarku nan. Ya gama kumburinsa."

"Hitan ɗumama ɗaki ne ya busar da shi, Masta. A nan laima tare da zafi take zuwa."

"Yaw, je ka ji da shararka."

Yaw ya ɗauki tsintsiyarsa ya wuce. Wallahi wannan maganar har yau tana yi min ciwo.

Yuli na shigowa ƙofa ta fara gardama. Ɗalha ya lura, amma ya rage ta Yaw na gani? Ina! Kullum sai ya zo ya taɓa ta, ya tafi, ya sake dawowa.

Ranar wani suna ɗakin ya cika maƙil, an bar ƙofar a buɗe saboda zafi. Ɗalha yana so baƙin da suka zo daga Bronx su ga zanen sosai, sai ya sa kafaɗa ya banke ta ta rufu. Ana cikin yaba aiki, Hawawu, matar da ta dafa abincin taron, ta yanke jiki ta faɗi. Numfashinta sama-sama.

Aka ja ƙofa, ta ƙi. Maza huɗu suka ja, mariƙin ya fita a hannunsu. Ɗalha sai kai-kawo yake yi, gumi na zuba, yana cewa a ba shi minti biyar zai kwance ta ba tare da ta lalace ba.

Sai ga gatari an miƙo ta 'yar tagar sama. Yaw ne, ya jiyo ihu daga waje, ya riga ya kira motar asibiti.

"Masta, matar nan ba ta da minti biyar."

Ɗalha ya dubi zanensa, ya dubi Hawawu. Ya karɓi gatarin, ya sara a tsakiyar aikin wata uku, yana sara yana hawaye.

Hawawu ta rayu. Bayan mako guda Ɗalha ya zo da sabuwar ƙofa, ba zane ko ɗaya. Ya hau sama ya ƙwanƙwasa wa Yaw, ya miƙa masa fensir.

"Baba, zo ka nuna min inda zan rage."

Darasi: Gwanintarka ta garinku ba ta san yanayin garin wasu ba. Ka saurari wanda ya riga ka zama, ko da tsintsiya ce a hannunsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu shirin tafiya.