Shef Ɗin da Ya Raba Kan Masu Ginin Dutse

An yi wani mutum a wani ƙauye na Adar, tsakanin Keita da Buza. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da rai, kuma yana da 'ya'ya.

Ƙauyen yana gindin tsauni. A ƙasa da gari akwai fadama, inda kowane gida yake da ɗan lambun albasa da tumatir da gajeriyar rijiya. Da wannan fadama ake samun abinci da rani. Amma akwai ƙorama da ke saukowa daga tsauni, kowace damina tana yagar ƙasa, tana ƙara matsowa. Kowa ya san in ba a tare ta ba, fadamar za ta tafi.

Sai wani porje, wato shirin raya karkara, ya kawo aiki. Za a gina katangar dutse a gicciye cikin ƙoramar, don ta karya ƙarfin ruwa. Ana cika manyan ragogin waya da duwatsu, a jera su, sannan a ɗinke kowace raga da ta kusa da ita, har ginin ya zama abu guda. Mutum arba'in aka ɗauka, yawancinsu mata. Aka naɗa mutumin nan shef, shugaban aiki, saboda ya yi lakkwal, wato boko, zai iya magana da injiniyan porje da Faransanci.

A makon farko aiki ya tafi lafiya. Akwai wani dattijo a cikinsu, Baba Audu, wanda ya yi irin wannan gini tun yana saurayi. Shi ya jera mata layi daga tarin dutse zuwa bakin gini, dutse yana tafiya hannu zuwa hannu. Wata mata mai suna A'i ta ɗauko waƙa, aminiyarta Fiddausiya tana amsa mata. Mai ciki a ba ta ɗibar ruwan sha. Wadda ta gaji a sauya ta. Da azahar a zauna inuwa ɗaya, a sha fura a ƙwarya ɗaya.

Ya 'yan uwa, shugaban da ya samu irin waɗannan mutane, me ya kamace shi? Ba godiya ga Allah ba?

Shi kuwa hassada ce ta ci shi. Ya lura in waya ta sarƙe, ko dutse ya ƙi zama, Baba Audu ake kira, ba shef ba. Ya ga muddin bakinsu ɗaya ne, ba wanda zai ji tsoronsa. Sai ya zauna ya yi shawara da shaiɗan.

Ya rushe layin. Ya raba mutane kashi uku, gabas da tsakiya da yamma, kowace unguwa da nata. Ya kafa turaku biyu a kan ginin, ya ce daga nan zuwa nan naku ne, kada wanda ya taɓa na wani. Ya ce don ya gane malalata ne. Kullum da la'asar sai ya tara su, ya nuna unguwar da ke baya, ya ce a yi musu dariya.

Wannan bai ishe shi ba. Ya koma kai gulma. Ya je wa unguwar gabas ya ce na yamma sun ce dutsen da kuke ɗauka ko kaza ta ɗauka. Ya je wa na yamma ya ce na gabas sun ce ba su ƙara shan fura da jikokin masu tsafi. Mutanen da kakanninsu suka yi salla sahu ɗaya, ya tono musu abin da ƙasa ta rufe! Ya shiga tsakanin A'i da Fiddausiya, ya raɗa wa wannan, ya raɗa wa waccan, har suka daina gaisawa.

Kafin wata guda, waƙa ta mutu. Inuwa ta zama uku. Aka fara ɓoye abin yankan waya a cikin zane. Aka fara satar duwatsun juna. Shi kuwa yana yawo da hannu a baya, kowa yana ce masa shef, kowa yana kawo masa ƙara. Abin da yake so ke nan.

Ginin ya tashi da sauri, ba a musu. Amma akwai wuraren turakun nan biyu, inda aikin wata unguwa ya haɗu da na wata. Ɗinkin wurin ba ya yiwuwa sai mutum biyu sun durƙusa, ɗaya ta nan, ɗaya ta can, wannan ya zura waya, wancan ya karɓa ya ja. Wa zai durƙusa gaban wanda aka ce ya zagi kakansa? Kowa ya ɗinke nasa har bakin turke, ya tashi.

Baba Audu ya same shi a gefe, don kada ya kunyata shi. Ya ce, "Shef, wurin turakun ga ba a ɗamre ba. Ruwa ba shi san unguwa ba, nan za shi bi. Ba ni mutum huɗu da yini guda."

Shef ya ɗaga murya don kowa ya ji. Ya ce, "Tsoho, kai anka ba aikin ga ko ni? In ka gaji, tahi gida ka yi jiran jikoki."

Ranar ya kore shi daga aiki. Da ya ji injiniya zai zo dubawa, sai ya sa aka jera kyawawan duwatsu a fuskar wuraren biyu, suka rufe ɓarakar. Injiniya ya zo, ya taka ginin daga wannan baki zuwa wancan, ya yaba. Aka ɗauki hoto. Aka ce za a ba shef babban aiki a wajen Madawa. Don ya nuna ya yarda da gininsa, ya share wuri mafi laima a gindin katangar, ya yi shuka a nan.

Yana zaton wa ya ruɗa? Injiniya? To, ya ruɗe shi. Wanda ke saukar da ruwa fa?

Cikin tsakiyar damina, wata Laraba bayan azahar, hadari ya haɗu a kan tsauni. Ruwa ya sauko ja wur. Katanga ta tare shi, ya taru a bayanta. Sai aka ga yana tsartuwa ta wurin turken gabas, duwatsun fuska suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai sauran lokaci. Da an yi layi an cika wurin da dutse, da wataƙila ya riƙe. Mutumin nan ya ruga gari yana ihu. Mutane suka fito, amma kashi uku suka tsaya a bakin ƙorama.

Ya ce da na tsakiya, "Ku kawo dutse!"

Wata ta ce, "Namu ya tsaya ga turke, shef. Kai ka ce kada mu taɓa na wani."

Ya juya ga na gabas. Wani ya ce, "Su fara. Mu dutsenmu ai na kaza na."

Suna cikin wannan ja-in-ja, ya rungumi dutse shi kaɗai ya hau ginin. Ragogin biyu da ba a ɗinke ba suka buɗe a ƙarƙashinsa. Duk ruwan da ya taru ya fita ta wannan ƙofa da ƙarfin da ƙoramar ba ta taɓa yi ba. Ya fara da shukar shef, ya miƙe cikin fadama. Kafin la'asar, yashi ya binne lambuna da rijiyoyi. Gara a ce ba a yi ginin ba.

Shi kuwa an tsamo shi can ƙasa, maƙale a jikin wata bagaruwa, duwatsu sun ragargaza masa ƙafa. Ya yi wata uku a asibiti. Mutanen porje suka zo suka duba wurin, ba su ga ko zare ɗaya na wayar ɗinki ba. Maganar aikin Madawa ta mutu. A ranin nan samarin gari suka watse neman abinci, har da waɗanda ba su taɓa fita ba.

Da ya dawo da sanda, jikinsa ya yi sanyi. Liman ya gaya masa hakkin mutane ba ya faɗuwa sai su sun yafe. Ya fara bin gidaje yana roƙo. Da ya zo gidan su Fiddausiya, ta aika aka kira A'i. Watanni ke nan ba su haɗa ido ba.

Fiddausiya ta ce, "Ni ba dogon zance nike so ba. Ka ce mini A'i ta ce mijina ba cin rani ya tahi ba, gudu na ya yi. Ga ta nan. Ta hwaɗi ko ba ta hwaɗi ba?"

A'i ta ce, "Gaya mata, don Allah. Na rantse har na gaji."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Wallahi ban tuna ba."

Ba ƙarya ya yi ba a wannan karon. Maganganun da ya kai sun yi yawa, har shi kansa bai san wadda ya ji da wadda ya ƙirƙira ba. A'i ta ja mayafinta ta fita tana kuka. Fiddausiya ta shige ɗaki. Yana son ya gyara, amma ba shi da abin gyarawa.

Ya 'yan uwa, wannan magana da mu take. Da kai da aka ba mutum biyar a gareji. Da ke da aka sa shugabar ƙungiyar mata. Da mai shago, da mai gona. In an ba ka mutane, amana aka ba ka, kuma za a tambaye ka. Aikinka ka haɗa su, ka sa kowa inda ya iya, ka saurari wanda ya fi ka sani ko da bai taɓa shiga aji ba. Wanda ke raba ma'aikata don su ji tsoronsa azzalumi ne, ko da ana yaba masa a ofis.

Mu ma da ake kawo wa gulma, ina hankalinmu yake? Mutum arba'in, ba wanda ya taka ya tambayi ɗan'uwansa, shin ka faɗi haka? Shi ya ƙulla sharrin, amma kunnuwanmu ne suka karɓa, kuma abincin 'ya'yanmu ne ya tafi.

Ya Allah, kada ka shugabantar mana da mai raba kanmu. In ka ba mu jagorancin ko mutum biyu ne, ka tsare harshenmu, ka cire hassada daga zukatanmu. Ka ba mu ikon tuba tun muna iya gyara abin da muka ɓata. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.