Surukin Farfesa da Layin da Aka Soke

Akwai wani malamin fiziks a wata jami'a wanda ɗalibai suka laƙaba wa suna Dakta Hakane. Ba a gabansa suke faɗa ba, amma ya sani. Sunan ya samo asali ne daga taron bita na kowane mako, inda duk abin da Farfesa ya faɗa, shi ne farkon mai gyaɗa kai ya ce, "Haka ne."

Farfesa shi ne shugaban ƙungiyar bincikensu. Shi ya koyar da Dakta tun yana saurayi, shi ya tsaya masa ya samu aiki, daga baya kuma ya ba shi auren 'yarsa. Saboda haka mutumin da Dakta ke gaisarwa a ofis da safe shi ne kakan 'ya'yansa, kuma a gidansa suke cin abincin rana duk ranar hutu.

Ofishin Dakta ɗan ƙarami ne, babu taga. Ƙofarsa ta ciki tana buɗewa cikin ofishin Farfesa. Ko tari ɗayansu ya yi, ɗayan yana ji.

Aikinsu ba na injina ba ne, na allo ne da alli. Suna lissafin abin da ke faruwa da iskar gas idan aka tsare ta cikin tarkon haske da maganaɗisu, aka sanyaya ta har sanyin ya wuce duk wanda ɗan Adam ya taɓa ji. A irin wannan sanyi, ƙwayoyin atam na iskar da ake kira iskar Bose sukan daina yawo kowa da hanyarsa, su haɗu su yi motsi kamar abu guda. Farfesa ya yi suna ne da hanyar lissafa wannan abu gudan.

A ƙarshen lissafin akwai wani ɗan layi mai nuna 'yar rawar da ƙwayoyin ke yi, wadda sanyi ba ya iya kashewa. Layin ƙarami ne ƙwarai in aka gwada shi da sauran. Farfesa yakan ja masa alli ya soke shi, ya ce, "Wannan ƙura ce." Shekara da shekaru yana sokewa, amsa tana fitowa daidai.

Sai ƙungiyar ta karɓi wata ɗaliba mai neman digirin dakta. Abokan karatunta suna kiranta Lauya, don ba ta barin magana ta wuce ba ta tambayi dalili ba. Ta baro 'yarta ƙarama a hannun mahaifiyarta a wani gari mai nisa, da alkawarin da zarar ta gama za ta koma ta ɗauke ta.

Farfesa ya ba ta aiki. Idan aka gauraya iri biyu na atam, 'yan iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuma suna jan juna, me zai faru? Shi dai ya riga ya faɗa a tarurruka cewa in jan ya ɗan fi turin, gajimaren iskar zai rufta ya ɓace. Nata kawai ta cika lissafin.

Aikin ya yi nisa, wata rana da hantsi, Farfesa yana aji, ta ƙwanƙwasa ƙofar Dakta.

"Malam, ara mini allonka."

Ta rubuta, ta rubuta, sannan ta juyo.

"Idan ja da turi sun kusa cinye juna, me ya rage?"

"Abu kaɗan," in ji Dakta.

"To, abu kaɗan ɗin nan da ƙurar Farfesa, wa ya fi wani girma?"

Dakta ya gyara tabarau.

"Kai ɗaya suke, Malam. A nan ba a soke layin. In ka bar shi, gajimaren ba ya ruftawa. Dunƙulewa yake ya zama ɗigo, ya tsaya da kansa ko an kashe tarkon."

Suka ji takun Farfesa a baranda. Kafin Lauya ta ajiye alli, Dakta ya ɗauki tsumma ya goge allon tas.

Amma abin bai gogu a kansa ba. Kwanaki yana bin lissafin shi kaɗai, ta gaba, ta baya, yana neman inda ta yi tuntuɓe. Har addu'a ya riƙa yi ya samu kuskure. Bai samu ba. Ɗalibar ta yi daidai.

Ranar bita, Lauya ta tsaya gaban ƙungiya ta bayyana abin da ta gano. Farfesa ya saurare ta hannuwansa harɗe a ƙirji. Da ta kai kan layin, ya miƙe ya karɓi allin daga hannunta ya soke shi.

"Tun kafin a haife ki nake soke layin nan."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma ba a wannan iskar ba."

Farfesa ya waiwayo wajen surukinsa.

"Kai, ka duba wannan shirmen?"

Dakta ya kalli takalminsa. "Ban samu na duba sosai ba, ranka ya daɗe."

Lauya ta kalle shi.

Nan take Farfesa ya yanke hukunci. Kafin ƙarshen zango, ko ta sake aikin bisa hanyarsa, ko kwamiti ya zauna ya sallame ta daga ƙungiyar. Babu wani malami a jami'ar da ke wannan fanni, don haka sallama tana nufin duk shekarun da ta yi sun tafi a banza. Kwamitin kuwa, Farfesa ne da Dakta da wani malami daga wani sashe wanda bai san kan lissafin ba. Duk inda Dakta ya karkata, nan malamin zai bi.

A gida, matar Dakta, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ga yana juya cokali a kwano ba ya ci.

"Baban yara, abincin ne bai yi ba, ko atam ɗin ne suka gudu?"

Ya gaya mata komai.

"To ka faɗa masa mana," ta ce. "Baba mutum ne, ba dutse ba. Ni da na ce masa ba zan karanta fiziks ba, gaisuwata ma ya daina amsawa. Yanzu wa ke auna masa hawan jini?"

"Ke 'yarsa ce. Ni kuwa komai nawa nasa ne. Karatun, aikin, ofishin, har ke."

"Har ni? Sannu, mai ajiyar kayan Baba."

"Ba wasa nake ba. Ga jininsa yana hawa. In na tsaya gaban mutane na ce ya yi kuskure, wani abu ya same shi, da wane ido zan kalle ki?"

"Wa ya ce gaban mutane? Ƙofa ɗaya ce tsakaninku."

Ranar hutu suka je gidan Farfesa kamar kullum. Tsohon yana cikin raha, jikokinsa suna hawa kansa suna cire masa tabarau. Da aka gama cin abinci, matar ta kwashe yaran ta yi waje da su da gangan, ta bar su su biyu a falo.

"Baba," in ji Dakta.

"Na'am, ɗana?"

Jin kalmar nan ta ɗana, sai Dakta ya fasa maganar da ya zo da ita, ya ce:

"Ko a ƙara maka ruwa?"

Ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zauna, Lauya ta tare shi a matakala.

"Malam, ba cewa na yi ka yi faɗa da shi ba. Ka ce ka duba, shi ke nan. Na san ka duba. Na ga idonka."

Dakta ya rage murya. "Ji shawarata. Soke layin. Rubuta abin da yake so, ki karɓi digirinki, ki koma wajen 'yarki. In kin tsaya da ƙafarki, sai ki faɗi gaskiya."

"'Yata ta fara kiran kakarta Mama," ta ce. "Kana ganin ban yi wannan tunanin ba? Na zauna zan soke, hannuna ya ƙi. Malam, kai ma haka ka ce wa kanka lokacin da kake kamar ni? Yaushe za ka tsaya da taka ƙafar?"

Ya wuce ta ya hau sama.

Kwamiti ya zauna a ofishin Farfesa. Malamin da aka gayyato ya saurari ɓangarorin biyu, ya sosa ƙeya, ya ce shi dai lissafin ya fi ƙarfinsa. Ya juya ga Dakta.

"Kai ne ɗan gida. Akwai abin dubawa a maganarta?"

Fanka tana juyawa a sama. Dakta ya buɗe baki, ya ga surukinsa yana kallonsa da cikakkiyar amincewa.

"Ba ni da abin ƙarawa kan abin da Farfesa ya faɗa."

Aka sallame ta. Ta kwashe littattafanta cikin kwali, ta gaida kowa, har shi. Daga baya aka ji wata jami'a a wata ƙasa ta karɓe ta, amma daga farko za ta soma, kuma ba ta samu tafiya da 'yarta ba.

Shekaru suka wuce. Sababbin ɗalibai suka zo, sun kuma ji labarin Lauya tun kafin su ajiye jaka, don haka babu mai ɗaga hannu a bita. Dakta ya ci gaba da zama a ɗakinsa marar taga.

Wata safiya Farfesa ya kira shi ta ƙofar ciki. A kan teburinsa akwai sabuwar mujallar bincike a buɗe. Wasu masu gwaji sun gauraya iskar nan a injinsu, sun kashe tarkon, sun ɗauki hoto. Ga ɗigon nan a tsaye, bai rufta ba, bai watse ba. A ƙasa sun rubuta cewa lissafin Lauya suka bi.

Allon Farfesa cike yake da rubutunsa. Ya bi lissafin da kansa tun daga farko, wannan karon bai soke layin ba. Alli ya ɓata masa hannun riga.

"Yarinyar nan ta yi daidai," ya ce. Muryarsa ba ta da faɗa. "Zauna. Tambaya ɗaya zan yi maka. A lokacin, ka duba?"

Dakta bai zauna ba. "Na duba, Baba."

"Ka ga ta yi daidai?"

"Na gani."

Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Me ka ji tsoro? In kore ka? In raba ka da matarka?"

"Na ji nauyinka ne. Ban so in kunyata ka ba."

"Da ka shigo ta ƙofar nan ka faɗa mini, da na yi fushi, da na yi maka tsawa, da na huce. Da kuskurena ya tsaya a kan allo, tsumma ya share shi. Ka bar ni na kori 'yar mutane da hannuna, kana zaune kana kallo. Wannan da me zan share shi?"



Farfesa ya mai da tabarau ya jawo takarda. "Nemo mini inda take, zan nemi gafararta da kaina. Kai kuma ka nemi taka, don ba tare za mu aika ba. Ni ban gani ba ne. Kai ka gani."

Darasi: Girmama babba ba shi ne ka bar shi cikin kuskure don kana jin nauyinsa ba. Shirun da kake kira ladabi, sau da yawa wani marar ƙarfi ne ke ɗaukar nauyinsa, babban kuma da kake karewa shi zai fi jin ciwon a ƙarshe. In ka san gaskiya, ka nemi lokaci da lafazi mai taushi ka faɗa, tun gyara yana da sauƙi. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wanda yau ake jiran kalma ɗaya daga bakinsa.