Ramar da Gashin Monshak Ya Ɓoye

A wani dogon bene a birnin Almaty akwai wata dattijuwa mai suna Raushan. Hannunta a sake yake, ba a shiga gidanta a fita ba a sha shayi ba. Amma Allah ya jarabce ta da zargi. Ko madara ce ta tsinke mata a wuta, sai ta zauna tana tuno wanda ya kalli tukunyar.

Da 'yarta Aizere za ta tafi aikin wata huɗu a Astana, sai ta bar mata amanar Monshak, 'yar cincilarta. Dabba ce kamar ɗan zomo, ruwan toka, gashi cunkus. Aizere ta ce, "Apa," wato Mama, "busasshiyar ciyawa ce abincinta. Ki daure ki riƙa auna ta duk Lahadi."

Raushan ta ce to, amma a bakinta maganar ta tsaya. Wanda ke kwana a gidanta a ba shi cimar tumaki? Ai abin kunya ne. Duk abin da ya hau teburin shayi sai Monshak ta samu rabonta, daga zabibi har gutsuren soyayyen burodi. Ita kuwa ta ga banza, ta daina kallon ciyawa.

Maƙwabciyarta Zauresh ta tsufa tana sayar da man shanu a kasuwa, hannunta ba ya kuskuren nauyi. Ranar da ta fara ganin Monshak ta yaba kyan gashinta. Bayan sati shida ta sake ɗaukarta, sai ta ɓata fuska, ta kira Raushan da sunan wasan da ta saba kiranta.

"Rauke, 'yar nan ta rame. Gashi ne ke ruɗinki, ƙashi nake ji. Dubi haɓarta ma, duk miyau. Ɗauko sikelin fulawarki."

Raushan ta kafe ta da ido. "Ranar da kika yabe ta, kin tofa?"

"Na tofa me?"

"Kin san al'ada. An yabi abu, a tofa gefe sau uku. Ke ba ki yi ba."

Zauresh ta yi dariya. "Shekara talatin ina shan shayinki, yau na zama mai kambun baka? Zo in tofa miki sau goma, ke dai kai ta wurin likitan dabbobi."

Saurin yardar nan shi ya ƙara tsorata Raushan. Me ya sa ita kaɗai ta ga ramar, in ba ta san tushenta ba? Daga ranar ta daina buɗe mata ƙofa. Safe da yamma tana zagaya kejin Monshak da hayaƙin adiraspan, ganyen da ake ƙonawa don korar mugun ido. Monshak takan ɗauki zabibi, ta juya shi a baki, ta yar. Raushan ta ce a ranta, lallai idon nan ya kama da ƙarfi. Da Zauresh ta zuro mata lambar likita ta ƙarƙashin ƙofa, da tsintsiya ta share takardar don kada hannunta ya taɓa.

Wata safiya ta tarar da Monshak kwance a gefe ɗaya, numfashi sama-sama. Sai a lokacin ta naɗe ta a gyale ta nufi asibitin dabbobi.

Likitar ta auna ta, ta haska bakinta, ta girgiza kai. "Apa, giram ɗari uku da saba'in, ya kamata ta kai ɗari shida. Haƙoran irin wannan dabba ba sa daina tsiro, tauna ciyawa ce ke rage su. Nata sun yi tsawo har sun yanki harshenta. Yunwa take ji, ta kasa ci. Da sati uku da suka wuce kika zo, da mun datse su."

Monshak ba ta kai la'asar ba.

Raushan ta kira 'yarta cike da kunya da baƙin ciki. Aizere ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, "Apa, duk tsawon lokacin nan ba wanda ya lura?"

Raushan ta ce, "An lura, 'yata. Har an faɗa mini. Ni na rufe ƙofa."

Darasin shi ne, mai zargi yana ɓata lokacinsa wajen neman wanda ya jawo cuta, alhali cutar na ci gaba da cin abin da aka ba shi amana. In wani ya nuna maka matsala, fara duba matsalar kafin ka binciki zuciyarsa. Kuma dabba ba ta da bakin faɗin ciwonta: ba ta abincin da ya dace da ita, ka riƙa auna ta, kada kyan gashi ya ruɗe ka.