Manomin da Ya Daina Cizon Masara

'Yan'uwa, yaushe rabonku da ku yarda da abin da idonku ya gani, ba sai kun tambayi waya ba?

Akwai wani mutum, manomi, wanda Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka. Kowace kaka, idan ya shanya masara, yakan ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. In ta yi ƙaras a haƙori, ta bushe ke nan, sai buhu. In ta lotsa, a ƙara mata rana. Haka ya gani wurin mahaifinsa, kuma gidansa bai taɓa rasa tuwo ba.

Wata shekara ƙaninsa ya kawo masa wata 'yar na'ura daga birni. Ana soka ta cikin hatsi, sai ta nuna lamba, ta ce ya bushe ko da saura. Mutumin ya yi murna ƙwarai. Daga ranar bai ƙara sa masara a baki ba.

A kaka ta uku na'urar ta lalace, amma ba ta daina nuna lamba ba. Ya soka ta, ta ce masara ta bushe. Matarsa Tabita ta ɗauki ƙwaya ta ciza, ta tofar.

Ta ce, “Baban Habila, wannan fa da sauran danshi.”

Ya ce, “Maman Habila, haƙorinki ne ya je makaranta, ko waɗanda suka ƙera wannan?”

Ya ɗura buhu goma sha biyu, abincin gidan na shekara guda, ya ɗinke, ya jera a ɗaki.

Bayan wata uku aka farke buhun farko. Wari ya cika tsakar gida, masara ta dunƙule, fumfuna ta rufe ta. Mutumin ya tsaya ya rasa abin yi. Ya dubi buhu, ya dubi matarsa. Sai ya ruga ɗaki ya ɗauko na'urar, ya soka ta cikin ruɓaɓɓiyar masarar. Ta ce ta bushe.

Ya ce, “To ni wa zan bi? Ga shi ta ce lafiya lau.”

Tabita ta ce, “Hancinka ma sai an saka masa batir?”

Ma'anar wannan misali ita ce: masarar nan ilimi ce, haƙorin kuwa hankalin da Allah ya ba kowane ɗayanmu. Na'ura ba zunubi ba ce, shekara biyu ta yi wa mutumin aiki daidai. Kuskurensa shi ne ya ajiye abin da zai sa ya gane ranar da ta yi ƙarya.

Abin nan yana ɗaure mini kai. Mun fi iyayenmu kayan karatu nesa ba kusa ba, amma ga ɗalibi ya kwafo aikin gida daga waya, an ba shi maki mai kyau, ka ce ya bayyana layi ɗaya, sai ya hau sosa ƙeya. Ko ayar haddar da ake ba mu a nan coci, sai mun laluba aljihu mun ciro waya. To me muka ɗinke a buhun? Ranar da za a farke shi tana zuwa, a wurin aiki ko a gaban mara lafiya.

Saboda haka ina roƙonku, a wannan mako, duk amsar da waya ta ba ku, ku kife wayar, ku faɗe ta da bakinku ga wani a gida. Iyaye, ku zauna da yaranku ku sa su yi haka, tun yau bayan an tashi sujada.